Wasan kwaikwayo mai waƙa a jami'a: rabon rol ne ke raba abokai?

Zabiya_Ƙarama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata magana da nake so waɗanda suka san harkar nan su duba mini. A ganina duk ƙungiyar ɗalibai da ta ɗauko wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa, irin wanda ake yi a kan dandamali a gaban 'yan kallo, to ta shirya asarar abu biyu kafin zango ya ƙare: makin wasu, da abotar wasu. Kuma tushen abin ranar rabon rol ne. Darakta ɗalibi ne, masu neman rol abokansa ne, wasu ma ɗaki ɗaya suke kwana da shi. In ya ba aboki a ce son kai, in ya hana shi a daina gaisawa. To a zango mai mako 14 ko 15, yaya ake tsara abin a fita lafiya? Ko kuwa ba ya yiwuwa?

Mai_Littafin_Alama:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Fushin rabon rol kwana uku ne zuwa mako guda, ya wuce. Abin da ke cin abota a hankali shi ne rihazal marar jadawali: a tara mutum 30 da yamma, a yi awa uku ana gyara fitowar mutum biyu, sauran suna zaune suna kallon agogo ga tes gobe da safe. A yi haka sau biyar, kowa ya fara jin haushin kowa.

Ga yadda ake raba mako goma. Makon farko tantancewa da karanta rubutun wasan baki ɗaya a zaune. Mako na 2 da na 3 waƙa zalla, kowa ya san muryar da yake ciki. Daga na 4 zuwa na 6 a shigo da rawa da tsara wa zai tsaya ina, wa zai shigo ta ina. Ƙarshen mako na 6 kowa ya ajiye takarda, ba mai riƙe rubutu a hannu kuma. Na 7 da na 8 a riƙa jan kashi guda na wasan daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa. Na 9 na fitilu da sauti da sutura ne. Na 10 a buɗe. Ki lura, wannan ya bar mako huɗu kafin jarrabawa, kuma waɗannan makonnin ba na taɓawa ba ne.

Sharaɗin kuwa: jadawalin mako ya fita tun kafin makon ya shigo, da sunayen waɗanda ake buƙata da sa'ar da ake buƙatarsu. Wanda fitowarsa ta ƙarfe 7 ce kada a kira shi ƙarfe 5.

Ɗan_Amshi:
Wannan batu na kiran wanda ake buƙata kaɗai, a rubuta shi da manyan baƙaƙe. 'Yan amshi su suka fi shan zaman banza, su ne kuma ba a tafa musu su kaɗai.

Dogon_Numfashi:
Na yarda da jadawalin, amma kada a raina tambayar Zabiya. Rabon rol na iya barin tabo in an yi shi a duhu. Maganin shi ne kada mutum ɗaya ya yanke. Mutum uku ke zama: darakta, daraktan kiɗa, mai tsara rawa. Kowa da abin da yake dubawa, kowa da takardar makinsa. In abokin ɗaya daga cikinsu na kusa ya shigo, sai ya faɗa a fili, ya bar biyun su fara ba da maki kafin ya ce uffan.

Tantancewar kanta gajeriya ce. Kowa ya zo da yankin waƙa na minti ɗaya ko ƙasa da haka, abin da masu nota ke ƙirgawa gaɓa 16 ko 32. Daga nan daraktan kiɗa ya hau da shi a fiyano mataki-mataki har inda muryar ta fara matsewa, ya sauko da shi har inda ta fara dusashewa, ya rubuta iyakar biyu. Wannan rubutun shi ne hujja. In rol yana da wata nota a sama da za a riƙe daƙiƙa shida, kuma muryar abokinka ta tsaya matakai uku kafin nan, ai ba kai ka hana shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara a gano a ɗakin tantancewa da a gano a gaban mutum 400.

Sai kira na biyu ga 'yan kaɗan, a haɗa su biyu-biyu a ga wa ya dace da wa. Sau da yawa a nan ake kayar da wanda ya fi kowa murya, don muryarsa tana danne ta abokiyar waƙarsa, ko tsayinsu bai zauna ba a rawar da za a ɗaga mutum.

Abu na ƙarshe, a raba takarda kowa ya rubuta ranakun da ba zai samu zuwa ba: lacca ta yamma, ɗakin gwaji, aiki, tafiya. Mai murya mai daɗi da ba ya samuwa kwana biyu cikin uku bai kai mai matsakaiciyar murya da ke nan kullum ba.

Sarkin_Zolaya:
Ku dai ku riƙa cewa rol. Wanda ya ce “zan taka rawa a wasan” a irin wannan wasa ba a san ko sarki zai fito ko tsalle zai yi ba.

Lauyan_Bayan_Labule:
Kun yi nisa, har an raba rol an yi jadawali, ba wanda ya tambayi ko an samu izinin yin wasan. Wannan shi ne mataki na farko, tun kafin a manna sanarwar tantancewa. Yawancin sanannun wasannin nan suna da masu haƙƙin mallaka, kuma akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, ba da lasisi, irin su Music Theatre International da Concord Theatricals. Kasancewarku ɗalibai bai fitar da ku ba, shiga kyauta ma bai fitar da ku ba.

Abin da suke tambaya: yawan kujerun zauren, kuɗin tikiti, sau nawa za a yi, da ranaku. Da wannan suke lissafa abin da za a biya. Suna iya ƙi ma, musamman in ƙwararru na yawo da wasan a kusa ko ana shirin sake buɗe shi. Shi ya sa ake nema watanni kafin zangon, kuma a ajiye zaɓi na biyu.

Abubuwan da lasisi na yau da kullum bai ba ku ba: canza baitin waƙa, cire fitowa, ƙara waƙa daga wani wasa, mayar da rol na namiji na mace, fassarawa zuwa wani harshe, ɗaukar bidiyo a saka a intanet. Kowanne sai an nemi izininsa daban a rubuce. Littattafan nota kuwa galibi haya ne, da fensir ake rubutu a ciki, a goge kafin a mayar.

Ɗan_Amshi:
Malam, wa zai kama ɗalibai a wani ƙaramin zaure?

Lauyan_Bayan_Labule:
Ku da kanku. Fosta a Instagram, bidiyo a YouTube, sunan wasan ɓaro-ɓaro. Kuma wasiƙar ba ƙungiyar za ta zo wa ba, hukumar makaranta za ta samu, ita kuma hanya mafi sauƙi gare ta ita ce ta rufe ƙungiyar. Ka ga an dawo kan maganar Zabiya: in aka soke wasa mako biyu kafin buɗewa saboda wani ya ce “ba komai”, wannan abotar ta mutu murus.

Wanda ba shi da halin lasisi yana da ƙofa biyu. Ko tsofaffin ayyukan da haƙƙinsu ya ƙare, misali na marubuci Gilbert da mai tsara kiɗa Sullivan, waɗanda suka yi aiki tare daga 1871 zuwa 1896 a Ingila (a kula, sabon tsarin kiɗa da wani ya yi musu daga baya yana iya zama da nasa haƙƙin). Ko kuma ku rubuta naku.

Alƙalami_Da_Kiɗa:
Tunda an taɓo rubuta naku, bari in sa baki, don a nan ɗalibai suka fi faɗawa rami. Su rubuta wasan magana, sannan su nemi wurare biyar su cusa waƙoƙi. Sakamakon shi ne labari ya tsaya cik duk lokacin da kiɗa ya tashi. Gwajin mai sauƙi ne: cire waƙar, ka karanta fitowar da ke gabanta da wadda ke bayanta. In komai ya haɗu ba giɓi, waƙar ado ce kawai. Waƙa mai aiki ita ce wadda mutum ya shiga cikinta da shawara ɗaya ya fito da wata, ko ya faɗi abin da ba zai iya faɗa da baki ba.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. Masu tarihin abin suna yawan nuna wasannin Amurka Show Boat na 1927 da Oklahoma! na 1943 a matsayin inda waƙa da rawa suka zama masu tura labari gaba. Abin da aka saba: waƙar buɗewa ta nuna duniyar da ake ciki, nan kusa jarumi ya rera abin da yake so a rayuwa, kashi na farko ya rufe da waƙar da za ta hana mutane tafiya gida a hutun tsakiya, kashi na biyu ya fi na farko gajarta. Ga ɗalibai masu fara rubutu, kashi ɗaya na minti 45 zuwa 60 da waƙa bakwai ko takwas ya isa. Wanda ya ɗauko awa biyu da rabi a karon farko bai tausaya wa kowa ba.

Amfanin rubuta naku a kan batun abota: kuna iya auna rol da mutanen da kuke da su. In kuna da mata shida masu murya da maza biyu, kada ku rubuta labarin sojoji.

Hasken_Gefe:
Wannan jimlar ta ƙarshe ta shafi masu zaɓen wasa mai lasisi ma. A ƙirga mutane kafin a zaɓa. Kusan kowace ƙungiyar ɗalibai mata sun fi yawa a tantancewa, wasanni da yawa kuma manyan rol na maza ne. Mata 20 na neman rol biyu, maza huɗu na neman rol shida. Daga nan rigimar take farawa, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Zabiya_Ƙarama:
Na gode. To a ce an yi duk wannan, mutum uku sun zauna, an yi adalci. Yaya ake sanar da sakamako? Don ina ganin zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba darakta ake ƙullata ba, ƙawar da ta samu rol ɗin ake ƙullata.

Uwar_Ɗakin_Sutura:
Gaskiyarki ƙanwata, kuma yadda ake sanarwa yana da tasiri. Kada a manna takarda a allo mutane su taru kowa na kallon fuskar kowa. Waɗanda suka kai kira na biyu ba su samu ba, a kira su ɗai-ɗai kafin jerin ya fita, a gaya musu da baki. Sannan a tura jerin ga kowa lokaci guda, gabanin hutun ƙarshen mako, yadda za a samu kwana biyu kafin a haɗu. A kafa doka tun farko: ba a tattauna sakamako da kwamitin sai bayan awa 24, ba kuma a zauren WhatsApp na ƙungiya ba. Bayan haka duk mai son jin dalili a ba shi minti goma, a gaya masa abu ɗaya takamaimai da zai gyara, kada a ce “ka yi ƙoƙari” kawai.

Ita kuma wadda ta samu, akwai nata aikin. Kada ta je tana cewa “ke kika fi cancanta”, ba wadda wannan magana ke sanyaya wa zuciya, kuma duka biyun sun san ba haka take ji ba. Kada kuma ta mayar da ɗakin kwana zauren bitar waƙarta. Ta bar ƙawar ta fara ɗauko zancen.

Dogon_Numfashi:
Wata hanyar rage zafi: mai jiran ko-ta-kwana. Kowane babban rol ya samu wanda ya koye shi don ranar da mai shi ya kwanta ciwo. In za a yi wasan sau huɗu, a ba masu jiran nan ɗaya nasu tun daga farko, a rubuta ranar. Mutum ya fi koyo da gaske in ya san lallai zai hau.

Mai_Littafin_Alama:
Nan kam ban bi ka ba, Malam. Ko-ta-kwana dole ne, amma yi musu alkawarin rana guda yana nufin rihazal biyu na komai: jan wasa biyu, gwajin sutura biyu, daidaita makirfo biyu. A mako na 9 ba a da wannan lokacin. Ƙari a kan haka 'yan kallo za su fara cewa “wa ya fi, ta ranar farko ko ta ranar uku”, ka ga an ɗauko gasar da ake gudu an kawo ta dandamali.

Dogon_Numfashi:
In ba a ba su rana ba, ba sa koyo. Ranar da jaruma ta wayi gari ba murya sai a samu mai jiran nata ta san rabin kashi na farko kawai.

Mai_Littafin_Alama:
Shi ya sa ake ware musu rihazal ɗaya a mako na 8, manajan dandamali, mai kula da tafiyar wasan daga bayan labule, ya ja su da littafinsa. Wannan ya wadatar a sani ko sun iya.

Likitar_Murya:
Ku bar gardamar, mu rage yiwuwar jarumar ta rasa muryar tun farko. Tantanin murya guda biyu ne ƙanana a cikin maƙogwaro, suna haɗuwa suna rabuwa. A notar da ake daidaita kayan kiɗa da ita, sau 440 suke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. In ana tilasta musu da ƙarfi kullum ba hutu, sai su kumbura, in aka ci gaba su yi kanta kamar ta tafin hannu. Alamar farko ita ce notocin sama marasa ƙarfi su ƙi fita, ko murya ta riƙa yin iska-iska.

Abin yi: minti 10 zuwa 15 na ɗumama murya kafin kowane rihazal, a fara da gunji baki a rufe da kaɗa leɓe, a hau a hankali. A rihazal na rawa ko na tsayuwa kada manyan mawaƙa su rera da cikakken ƙarfi, su rage ko su sauko da notocin sama ƙasa. Ruwan da ka sha yanzu ba ya taɓa tantanin, ta wata hanya yake bi, sai ya shiga jiki tukuna, don haka shan ruwa tun safe ne ba minti biyar kafin hawa ba. Tururi shi ke kaiwa wurin kai tsaye. Raɗa ba hutu ba ce, tana iya gajiyar da murya, gara shiru ko magana a hankali da murya ta sosai. Yawan gyaran murya da ƙarfi ma duka ne ga tantanin. Maganin da ke kashe zafin maƙogwaro yana ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa.

Abin da ɗalibai ba sa so su ji: ba waƙar ce ta fi cinye muryar ba, hirar bayan rihazal ce, ana ɗaga murya a cikin hayaniya har tsakar dare, ga rashin barci. Dusashewar da ta wuce mako biyu zuwa uku kuwa sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba.

Sarkin_Zolaya:
Wato abokan da ake tsoron rasawa su ne ke cinye muryar. Madalla.

Ɗan_Amshi:
Ai ƙwararru a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, sau takwas suke yi a mako, muryarsu ba ta mutuwa. Me zai hana ɗalibi yin huɗu?

Likitar_Murya:
Sau takwas ɗin gaskiya ne, haka ake yi a Broadway da West End na Landan. Amma wancan mutum sana'arsa ke nan, ya shekara da shekaru yana horo, ba shi da lacca ƙarfe 8 na safe, kuma akwai mai jiransa a shirye. Wasu rol masu nauyi ma ana sa wani ya karɓi wasu daga cikin takwas ɗin a kai a kai. Kwaikwayon sautin da aka ji a faifai ba tare da horon da ke bayansa ba shi ke kai ɗalibai asibiti.

Injiniyan_Sauti:
Kuma wancan ƙarfin da kuke ji rabinsa aikinmu ne. Mawaƙin da bai ji kansa ba ihu zai yi, don haka gyaran sauti kariya ce ga murya. Kurakuran da aka fi yi:

Sifikun 'yan kallo su kasance a gaban 'yan wasa, suna fuskantar zaure. In makirfo ya shiga gaban sifika, sauti ya zagayo ya sake shiga, shi ne wannan ƙugin mai huda kunne.

'Yan wasa suna buƙatar nasu ƙananan sifikun a dandamali da ke ba su fiyano da ganga. In babu, abin da ya dawo daga bangon baya suke ji. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Zaure mai tsawon mita 25, zuwa da dawowa mita 50, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa ke nan. Shi ya sa za ka ga 'yan rawa duka suna bayan kiɗa, mai tsara rawa na ta faɗa, alhali ba laifinsu ba ne.

Makirfo marar waya: a liƙa kan a goshi daidai gashi ko a kumatu da salatif ɗin asibiti, wuri ɗaya kowane dare. Akwatin watsawa a saka shi a safar hannu ta roba don gumi, eriyar a miƙe ba a naɗe ba. Sabon batir kowane wasa, tsofaffin a bar su don rihazal. In mutum biyu suka matso fuska da fuska duka makirfo a buɗe, sauti ya kan zama siriri kamar daga bututu, sai a rage ɗaya. Mai miksa, wato na'urar haɗa sauti, ya riƙe rubutun wasan yana buɗewa yana rufewa layi-layi.

Ga kuma abin da ya shafi tambayar Zabiya kai tsaye. Ɗan wasa ba ya kashe akwatinsa da kansa, daga miksa ake rufewa. To a gaya wa kowa: muddin makirfo na jikinka, ka ɗauka ana jin ka. Mai miksa yana iya sauraron kowa ta abin kunne, in kuma ya manta layi ɗaya a buɗe, gulmar bayan labule ta fita zaure duka.

Uwar_Ɗakin_Sutura:
Wannan gargaɗin ya fi lacca goma a kan zaman lafiya.

Hasken_Gefe:
Kiɗan naɗe ko makaɗa a zaune? Don wannan ma yana canza jadawalin da aka bayar a sama.

Alƙalami_Da_Kiɗa:
Kiɗan naɗe ba ya kuskure, amma ba ya jira. In mawaƙiya ta makara shiga da gaɓa ɗaya, haka za ta bi shi a guje har ƙarshe. Makaɗa suna numfashi tare da ita, suna iya maimaita gaɓa biyu har a gama canza kayan dandamali. Ƙaramar ƙungiya ta fiyano, ganga, jita mai kaurin murya da abin busa ɗaya ta isa wasanni da yawa, in lasisi ya yarda da rage kayan kiɗa. In da makaɗa, dole a yi zama ɗaya da ake kira Sitzprobe, kalmar Jamusanci ce, inda mawaƙa ke zama su rera da makaɗa karon farko ba rawa ba motsi. Kada a haɗa shi da ranar fitilu. Matsalar da aka saba ita ce ganga ta danne kowa, maganinta a kewaye ta da allo ko a yi amfani da sanduna marasa ƙarfi.

Mai_Littafin_Alama:
Mako na 9 shi ne inda ake gane wa ke da tsari. Akwai ranar da ba a yin wasan duka, tsalle ake yi daga alama zuwa alama: canjin haske na 14, a tsaya, a gyara, a wuce na 15. Yana cin awa shida zuwa takwas, 'yan wasa suna tsaye kamar gumaka. A gaya musu tun da wuri su zo da littattafan karatunsu. A ba da hutu na ƙa'ida, ƙungiyar 'yan wasan Amurka tana bin minti 5 bayan kowane 55 ko minti 10 bayan 80, ɗalibai ma su ara.

Daga wannan makon iko ya koma hannun manajan dandamali. Shi ke da littafin da aka rubuta kowace alama a gefen layinta, shi ke cewa “shirya” sannan “tafi”. Gyara daga baki ɗaya yake fita. Ɗan wasa ba ya yi wa ɗan wasa gyara, ko da amininsa ne, ko da gyaran daidai ne. Ya kai wa darakta ko manaja. Dokar nan ita kaɗai tana kashe rabin rigingimu, don “kin yi ƙasa a baiti na biyu” daga bakin ƙawa daban yake sauka da daga bakin daraktan kiɗa.

Hasken_Gefe:
A ɓangarena kaɗan ne. Fitila biyu ga kowane yanki na dandamali, daga gaba, kowace a kusurwar digiri 45 sama da gefe, ɗaya mai ɗumin launi ɗaya mai sanyi. Tsarin Stanley McCandless ne na jami'ar Yale, tun 1932, har yau yana aiki. Ƙara ɗaya daga baya don ta raba mutum da bango. A lissafa nauyin wuta: layi mai amfiya 16 a kan bolt 230 bai wuce wat 3,680 ba, wato tsofaffin fitilu masu wat 1,000 guda uku, na huɗu ya wuce iyaka, yana iya kashe layin a tsakiyar waƙa. Kowace fitila da ke sama da kan mutane ta samu wayar ƙarfe ta tsaro ban da maƙalarta. A manna salatif mai launi a ƙasa inda kowa zai tsaya, don taku ɗaya gefe ya isa fuska ta shiga duhu.

Malamin_Tsangaya:
Ina karantawa, kuma har yanzu rabin tambayar ba a amsa ba, wato maki. Jadawalin mako goma yana da kyau a takarda, amma tes na tsakiyar zango yakan faɗo daidai mako na 6 zuwa na 8, lokacin da ake cewa a ajiye rubutu. A ɗauko kalandar makaranta kafin a tsayar da ranar buɗewa. Rihazal yamma uku na awa uku da yini ɗaya na awa biyar, awa 14 ke nan a mako ga mai babban rol, ban da haddar da zai yi shi kaɗai. Wannan nauyin kwas guda ne cur. Wanda zangonsa ya cika da ɗakin gwaji ko rubutun kammalawa, rol ƙarami ko aikin bayan labule ya fi masa. Kuma a sanar da malamai tun makon farko in akwai ranar da za ta ci karo, kada a zo bayan an rasa tes ana roƙo. Ayyukan gida da wa'adinsu ya faɗo mako na 9 a gama su a na 7.

Ɗan_Amshi:
Ba wanda ya yi maganar abokan da ba sa cikin wasan. Mako goma ba a ganinka, ka dawo kana rera abin da ba su sani ba, kana dariyar zancen da ba su gane ba.

Uwar_Ɗakin_Sutura:
Su ma ana rasa su, kuma a shiru ake rasawa. Yini ɗaya a mako da ba rihazal, ba saƙon ƙungiya, ya kamata ya shiga jadawali kamar kowace fitowa. Ana kuma iya jawo su ciki: fenti, karɓar tikiti, taimakon canjin sutura. Canjin daƙiƙa 40 yana buƙatar mutum biyu a tsaye da riga a buɗe, an cire maɓallai an sa Velcro mai mannewa, takalmi a jere yadda ƙafa za ta faɗa. Wanda ya yi wannan aikin dare huɗu ya zama ɗan gida.

Akwai kuma bayan an rufe. Mutanen da suka saba haɗuwa kullum sai a wayi gari ba dalilin haɗuwa, ga jarrabawa ta taso. Da yawa sukan ji wani irin kewa da kasala a makon. Shi ya sa kwance kayan dandamali ya zama wajibi ga kowa har jarumai, a daren ƙarshe ko washegari, sannan a sa ranar haɗuwa ɗaya bayan jarrabawa.

Zabiya_Ƙarama:
Na kwashi abubuwa da yawa, Allah ya saka. Amma Yaya Mai_Littafin_Alama, har yanzu ina kan bakata kaɗan. Duk dokokin nan suna aiki ne in darakta yana da ƙarfin aiwatar da su a kan abokinsa. Babban jarumi, amininsa, ya makara sau huɗu, mako na 7 bai ajiye takarda ba. Wa zai cire shi?

Mai_Littafin_Alama:
Ba darakta ba. Takardar da kowa ya sa wa hannu a makon farko ita ke cire shi: fashi uku ba uzuri, rol ya koma hannun mai jira. Manaja ke riƙe rajista, shi ke yin gargaɗi na farko da na biyu a rubuce.

Dogon_Numfashi:
Ka ga amfanin mai jiran da ya koya da gaske ke nan, wanda ka ce rihazal ɗaya ya ishe shi. In jarumi ya san ba mai maye gurbinsa, takardar ba ta tsorata shi.

Lauyan_Bayan_Labule:
Manajan ma ɗalibi ne, shi ma yana da amini a cikin 'yan wasan. Ni dai zan sa malami mai kula da ƙungiya ya zama shi ke sa hannu a irin wannan hukunci.

Malamin_Tsangaya:
In malamin yana zuwa rihazal. In sunansa ne kawai a takardar rajistar ƙungiya, kiransa a mako na 7 ya yanke hukunci a kan mutanen da bai taɓa gani ba sai ya ƙara dagula abin. Zabiya, mutum nawa ne a ƙungiyar, kuma akwai wanda ya taɓa riƙe littafin manaja a cikinsu?